Kwamfutar da Ka Haɗa da Hannunka Tana Mutuwa Tana Tashi? Ga Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake

Tambayar nan ta yawaita, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya take zuwa: "Malam, na sayi kaya na haɗa kwamfuta da kaina, amma ta ƙi zama lafiya. Ina cikin aiki sai ta ɗauke ta sake tashi." Wani kuma tasa ko Windows ba ta kaiwa. Fanka ta juya, fitilu su kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi komai ya mutu, ta sake kunna kanta, haka za ta yi ta yi har sai an zare waya. Da yawa kafin su yi tambayar sun riga sun yi fomatin sau biyu, wasu har sabon ram sun sayo.

Fomatin da sayen kaya su ne na ƙarshe. Matakan da ke ƙasa na jero su ne daga na kyauta zuwa na tsada, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: abu guda ake sauyawa, a gwada, a rubuta abin da aka gani, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya cire ram, ya canza waya, ya sabunta BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows) duk a zama ɗaya, ko kwamfutar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba. Ranar da ta dawo da halinta kuwa, sai ya koma farko.

Kayan da za ka tanada

Sukudireba mai bakin tauraro, filash mai 8GB wanda babu komai a cikinsa, tocila, buroshin fenti mai laushi, man shafa wa furosesa, sabon batirin CR2032, da biro da takarda. Ka sauke littafin bod ɗinka (babban faifan da ake ɗora duk kayan a kai) daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, domin sunayen ramuka da filoli sun bambanta tsakanin ASUS, MSI, Gigabyte da ASRock. Kana kuma buƙatar wata kwamfutar mai lafiya, ko ta aro ce, don sauke manhajoji. In kana da mitar auna wuta, madalla.

Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, data kawai za su ci. Batiri da man furosesa kuɗinsu kaɗan ne. Inda aljihu zai ji a jikinsa shi ne fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan wuta), katin girafik (mai fitar da hoto), bod da furosesa, shi ya sa ba za mu kai gare su ba sai mun wanke sauran daga zargi.

1. Lura da lokacin da take mutuwa

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, zauna ka kalle ta. A wane wuri take faɗuwa?

In ba ta nuna komai a allo, ko tana mutuwa kafin tambarin Windows ya fito, matsalar ba ta Windows ba ce, fomatin ɓata lokaci ne. Bi mataki na 2, sannan ka tsallaka zuwa na 4.

In tana kai tambarin Windows, ɗigogin nan su fara zagaye sannan ta juya, zargin ya fi karkata ga direba (manhajar da Windows ke sarrafa kowane kaya da ita), sabuntawar Windows, SSD ko ram.

In tana shiga lafiya amma da ka ɗora mata nauyi, wasa ko fitar da bidiyo, sai ta ɗauke ɗif kamar an zare waya, to ka sa ido kan fawa-fak da zafi. In kuma tana zaune ba ta komai take faɗuwa, ram da saitin BIOS ne kan gaba.

Rubuta wanne ne naka, da minti nawa take ɗauka, da abu na ƙarshe da ka sauya kafin ta fara.

*Hattara:* bod mai ram na DDR5, musamman na AM5 (ramin furosesar AMD da ya gaji AM4), a kunnawar farko yakan ɗauki mintuna allo baƙi ƙirin, har ya kashe kansa ya kunna sau ɗaya ko biyu. Daidaita kansa yake yi da ram ɗin. Ba shi kamar minti biyar zuwa goma kafin ka yanke masa hukunci.

2. Fara daga bango

Jagororin da ake rubutawa a ƙasashen da wuta ba ta rawa ba su cika tsayawa a nan ba. Mu dole mu tsaya. Fawa-fak yana jure sauyin wuta daidai gwargwado, amma lokacin da wutar Nepa ta zo rabi-rabi, ko janareto ya yi nishi saboda firij ko famfon ruwa ya tashi, ƙiftawar da ido bai ma gani ba ta isa ta kashe kwamfuta.

Zare ta daga ekstenshan, ka sa ta kai tsaye a soket na bango mai kama fulogi da kyau. Canza wayar wutar da ke shiga bayanta, wayoyin nan masu arha sukan saki daga ciki. In da hali, ɗauke ta ka kai wani gida ko shago mai tsayayyar wuta ka gwada. In ta zauna lafiya a can, ka huta da buɗe ta.

Masu UPS su duba ƙarfinsa. Wanda aka rubuta wa 650VA abin da yake iya ɗauka bai cika kai wat 400 ba, kwamfuta mai katin girafik da monita kuwa tana iya wuce haka in aiki ya yi zafi. Masu inbata su duba ko mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta wa pure sine wave a jiki. Ɗaya nau'in mai arha ba ya shiri da yawancin fawa-fak na zamani, za ka ji suna ƙara, wani lokaci su ɗauke daidai sa'ar da aka juya daga Nepa zuwa batiri.

*Hattara:* in fawa-fak ɗinka tsoho ne mai jan makunni a baya da aka rubuta 115 da 230, ya zauna a 230. Kuskure a nan ba ya ba da damar gwaji na biyu.

3. Hana ta tashi da kanta, ka karanta abin da take faɗa

Wannan na waɗanda tasu ke shiga Windows ne, ko take kusa da shiga. Windows an saita shi ne ya sake tashi nan take in ya faɗi, shi ya sa shuɗin allon yake wucewa kafin ka karanta. A sabon Windows 11 allon ya koma baƙi, amma saƙon yana nan.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. In ba ta bari ka shiga ba, kashe ta da maɓalli daidai lokacin da tambari ya fito, sau biyu ko uku a jere, za ta buɗe shafin gyara. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart. Lamba 9 tana hana ta tashi da kanta, lamba 4 tana shigar da kai Safe Mode, wato Windows da direbobi na dole kawai.

Ɗauki hoton allon da waya. Abu biyu ake nema: sunan kuskuren, da sunan fayil mai ƙarewa da .sys in ya fito. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sukan nuna ram. IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL direba ne ko ram. VIDEO_TDR_FAILURE katin girafik ne ko direbansa, in ka ga nvlddmkm.sys na Nvidia ne. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE da CRITICAL_PROCESS_DIED sukan kai ka ga SSD. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ƙarfe ne da kansa yake kuka: furosesa, zafi, wuta ko saitin gudu. In kuwa kullum sunan kuskuren sauyawa yake, yau wannan gobe wancan, ni ram nake fara tuhuma.

Sannan buɗe Event Viewer, Windows Logs, System. Za ka tarar da Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power sai su garzaya kasuwa neman fawa-fak. Lamba 41 ba ta faɗi musabbabi ba, cewa kawai take yi kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko kai ka zare waya, ita za ta rubuta. Abin dubawa yana cikin Details, layin BugcheckCode. In sifili ne, Windows bai samu ko damar yin ƙorafi ba, wanda ya fi kama da yankewar wuta ko daskarewa. In akwai lamba, to an yi shuɗin allo, kuma akwai fayil a C:\Windows\Minidump da BlueScreenView ko WinDbg za su karanta maka.

Tun da ka samu ka shiga, kwashe muhimman fayilolinka yanzu, kar ka ce sai anjima.

4. Mayar da BIOS yadda ya zo

Shiga BIOS da danna Del ko F2 da zarar ka kunna ta, zaɓi Load Optimized Defaults, ka adana. Duk wani ƙarin gudu da ka yi wa furosesa ya tafi ke nan, haka ma XMP, wanda ake kira EXPO a ram ɗin DDR5 na AMD, ko DOCP a wasu bod na ASUS.

A nan gizo yake yawan saƙa. Gudun da aka rubuta a kwalin ram, 3600 ko 6000, ba shi ne gudunsa na asali ba. In ba a kunna XMP ba, yawancin DDR4 a 2133 ko 2400 yake tashi, DDR5 kuma a 4800. XMP ƙarin gudu ne, kuma ba kowace furosesa ce ke iya riƙe shi ba, balle in sanda huɗu ka sa, ko ka haɗa ram na kamfani biyu. In ka kashe shi kwamfutar ta natsu, ka gano bakin zaren. Daga baya sai ka sake kunnawa amma ka rage gudun da hannu, misali daga 3600 zuwa 3200.

In ba ta bari ka shiga BIOS, sai a goge shi ta jiki. Zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita, cire batirin nan mai kama da kwabo na minti biyar, ka mayar. Ko ka haɗa filoli biyu na goge saiti da bakin sukudireba. A bod na MSI sunansu JBAT1, a ASUS kuma CLRTC. In bod ɗin na hannu ne, kana kunnawa kana ganin kwanan wata ya koma baya, sa sabon batiri. Lafiyayye bolt 3 yake nunawa a mita.

*Hattara:* in BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan SSD, yana kunne, goge BIOS ko sabunta shi na iya sa Windows ya nemi makulli mai lamba 48. Sabon Windows 11 yakan kunna shi da kansa in ka shiga da asusun Microsoft. Nemo makullin a asusunka ka rubuta a takarda tukuna. Haka kuma ka lura da saitin SATA, AHCI ne ko RAID, domin in ya sauya, Windows ba zai ga SSD ɗinsa ba.

5. Buɗe akwati, bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya

Zare wuta, taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa bod, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar nan mai tsartuwa.

Babbar waya mai fil 24 tana da tauri, sau da yawa gefe ɗaya ne ya shiga. Haska tocila ka ga ko ƙugiyarta ta kama, babu rata tsakanin robobin biyu. Sai waya mai fil 8 ta furosesa da ke can saman bod ta hagu, wurin da hannu ba ya shiga da daɗi, shi ya sa ake yawan barinta a rabi ko a manta da ita ɗungurungum. Mai rabuwa 4 da 4 ita ce ta furosesa, mai rabuwa 6 da 2 ta katin girafik ce. Sun yi kama, amma ba a musanya su. Sababbin katunan Nvidia masu waya mai fil 16 kuwa, a tura ta har ƙarshe, sakinta yana iya narkar da bakin.

Sai ƙananan wayoyin gaban akwati. Zare wadda aka rubuta wa RESET SW gaba ɗaya ka gwada. Maɓallin da ya maƙale a akwati mai arha yana sa kwamfuta ta yi ta tashi tana faɗuwa, alhali komai nata lafiya lau. Zare wayoyin USB na gaba su ma, ramin USB da ya karye daga ciki yana haɗa wuta.

*Hattara:* fawa-fak mai wayoyin cirewa, wayoyinsa nasa ne shi kaɗai. Ko bakin wayar wani ya shiga daidai, jerin wutar ciki ya bambanta, yana iya ƙona SSD da bod a kunnawa ɗaya.

6. Rage ta zuwa abin da ba makawa

In har yanzu tana yi, fitar da bod daga akwati ka ɗora shi a kan kwalinsa. Bar furosesa da fankarta, ram sanda ɗaya, da fawa-fak. Cire SSD, cire katin girafik in furosesarka tana da nata hoton. Ta Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta da shi, haka Ryzen na AM4 marasa G irin su 3600 da 5600X, waɗannan dole a bar musu kati. Don kunnawa, taɓa filoli biyu na PWR SW da bakin sukudireba.

In ta tashi lafiya a waje, koma ka duba akwatin. Ƙafafun tagullar da bod ke zama a kai, kowace dole ta dace da ramin noti. Guda ɗaya da ta rage a inda babu rami tana gogar bayan bod tana haɗa wuta. Girgiza akwatin ma, wataƙila ka ji noti yana yawo.

Yawancin bod na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, a nan tafiyar ta tsaya. BOOT ta kama alhali ka cire SSD, wannan daidai ne. Daga nan sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya, kana kunnawa bayan kowanne.

7. Ram

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta.

Sanda biyu a bod mai rami huɗu, a mafi yawan bod A2 da B2 ake sa su, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa. Sanda ɗaya kuma A2. Danna ta da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas, ƙugiya ta rufe da kanta. Ram yana buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon mai haɗi yake zato, tsoron karyawa ne ke sa a bar shi a rabi. In na hannu ne kuma haƙoransa sun dushe, goge su a hankali da kilinar fensir, ka kakkaɓe.

Sauke MemTest86, manhajar gwada ram, sa shi a filash, ka tashi kwamfutar daga filash ɗin. Na kyautar yana zagaye huɗu, kuma yana cin awoyi gwargwadon girman ram, don haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta. Kuskure ɗaya tak ya isa, babu wani "ai kaɗan ne".

In ya nuna kuskure, kar ka yi saurin jefar da ram. Tabbatar XMP a kashe yake, ka gwada kowace sanda ita kaɗai a A2. Wadda ta faɗi ita kaɗai, ita ce. In duk sun wuce a ɗai-ɗai amma sun faɗi a haɗe, ko dai ba sa jituwa, ko rami ɗaya ne ke da matsala. Ɗauki sandar da ka tabbatar da lafiyarta ka zagaya da ita ramukan. Ramin da ya ƙi karɓar kowace sanda ba lallai laifinsa ba ne: fil ɗaya da ya lanƙwashe a ƙarƙashin furosesa, ko notin fanka da aka ɗaure fiye da kima ta gefe ɗaya, duk suna kashe rami.

8. Zafi

Shiga BIOS ka kalli zafin furosesa na minti biyar. In tana zaune ba ta komai amma lamba tana hawa digiri 80 zuwa 90, fankar ba ta zauna ba. Cire ta ka juya gindinta. Sababbi suna zuwa da siririyar leda manne a ƙarfen, wata da rubutun gargaɗi, wata fara fes ba ka ganinta sai ka kai farce gefe. In ka tarar da man ya baje a kan leda maimakon ƙarfe, ka samu ɓarawonka. Duba kuma yadda man ya shimfiɗu: in gefe ɗaya ya taɓu ɗayan bai taɓu ba, ɗaurin ne ya karkace.

Goge tsohon man da sifirit da ƙyalle mai tsabta, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wayar fankar ta shiga CPU_FAN. Mai sanyaya ta ruwa kuma ka taɓa famfonta ka ji ko yana motsi.

A cikin Windows, buɗe HWiNFO64 don kallon zafi, ka ɗora mata nauyi da Cinebench ko OCCT. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu 100 ne, Ryzen 7000 kuma an gina su su kai 95 a aiki mai nauyi, don haka ganin 90 kaɗai ba abin firgita ba ne. Abin dubawa shi ne ko tana dukan iyakar cikin daƙiƙoƙi sannan ta ɗauke. Ka tuna kuma lambobin da masu gwaji ke nunawa a ɗaki mai sanyi suke samunsu. A watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Yamai, inda zafin gari ke haura 40, taka za ta fi tasu, kuma ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin fanka cikin 'yan watanni.

*Hattara:* furosesar AM4 takan biyo fanka in aka fizge ta, filolinta su lanƙwashe. Kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. Wajen busa ƙura kuma, riƙe fanka da yatsa kar ta yi ta juyawa, kuma ka guji iskar masu faci, tana zuwa da danshi.

9. Fawa-fak da katin girafik

Wani matashi mai haɗa bidiyon biki ya kawo tasa, duk lokacin da ya danna fitar da aiki sai ta mutu. Na ce fawa-fak nake zargi. Ya ce, "Haba yaya, wat 650 ne fa, ga shi nan a rubuce." Muka kwance shi. Da na ɗaga, ba nauyi ko kaɗan. A jikin takardar, ƙarƙashin +12V, an rubuta 18A. Na ce ya buga 12 sau 18 a wayarsa. Ya buga, 216. Katinsa RX 580 ne, wanda shi kaɗai yana jan wat 185, ga furosesa tana jiran nata kason a layi ɗaya.

Haka ake karanta fawa-fak: bar babbar lambar da ke kwali, duba amfiya nawa ne a layin bolt 12, domin daga nan furosesa da kati suke sha. Waɗanda ake bayarwa kyauta tare da akwati su suka fi wannan halin. Sannan duba abin da kamfanin katin ya nema: RX 580 wat 500, RTX 3060 wat 550, RTX 3070 wat 650, kuma na gaske ake nufi. Kati mai baki biyu, ba shi waya biyu daban daga fawa-fak, kar ka yi amfani da waya ɗaya mai reshe.

Gwajin shi ne ka ɗora wa furosesa nauyi ita kaɗai, sannan kati shi kaɗai da FurMark, sannan duka biyun tare da gwajin Power na OCCT. In kowanne ya wuce shi kaɗai amma tare suka kashe ta ɗif ba shuɗin allo, fawa-fak ne kusan tabbas. In kati kaɗai ya kawo ɗige-ɗige, layuka ko baƙin allo, shi ne. Katunan hannu da yawa sun sha aikin haƙar kuɗin intanet kafin su iso kasuwanninmu, man cikinsu ya bushe.

Da mita, layin bolt 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Amma mita ba ta kama faɗuwar ƙiftawar ido. Haɗa koriyar waya da baƙa na babbar waya mai fil 24 don ganin fankar fawa-fak ta juya shi ma ba ya nuna komai illa cewa bai mutu murus ba. Gwajin da ya fi kowanne shi ne aron lafiyayyen fawa-fak na yini ɗaya.

*Hattara:* kada ka buɗe cikin fawa-fak. Yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi. Garin neman gira kar a rasa ido.

10. Direba, SSD da Windows

Akwai gwaji mai raba gardama. Sa Ubuntu, wani tsarin aiki madadin Windows, a filash da manhajar Rufus, ka tashi daga filash ɗin ba tare da ka girka shi ba, ka yi aiki a ciki na wasu awoyi. In nan ma ta faɗi, ƙarfe ne, bar Windows ya huta. In ta zauna daram, ko ta zauna lafiya a Safe Mode, sai a juyo kan manhaja.

Cire direban girafik da manhajar DDU a cikin Safe Mode, intanet a kashe don kar Windows ya riga ka sa nasa, sannan ka girka sabo daga shafin Nvidia, AMD ko Intel. Direban bod daga shafin kamfanin bod. Manhajojin nan masu zuba direbobi ɗari a danna ɗaya, ni ban yarda da su ba. Cire riga-kafin bairos na biyu in kana da biyu, da manhajojin fitilu masu launi, da duk wata fasasshiyar manhaja da ka sa dab da fara matsalar. In bayan sabuntawar Windows ta fara, Uninstall Updates da System Restore suna cikin Advanced options.

Buɗe Command Prompt a matsayin mai gida (Run as administrator), rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo. In ya nuna Caution ko Bad, kwashe kayanka ka canza shi. SSD na M.2 kuma ka tabbatar ya shiga sosai an ɗaure shi da notinsa.

Sai yanzu fomatin ya halatta, da Windows da ka sauke daga shafin Microsoft, ba wanda aka yi wa kwaskwarima ba. In ta faɗi tana tsakiyar girkawa, wannan ma shaida ce a kan ƙarfe.

11. Sabunta BIOS

Wani lokaci bod ya girmi furosesa. Bod na B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 ba zai tashi da ita ba sai an sabunta shi. Bod mai maɓallin Flashback a baya yana yin haka da filash kawai, ko babu furosesa a kai.

Masu Intel ƙarni na 13 da 14, irin su i7-13700K da i9-14900K, wannan mataki wajibi ne a kansu. A 2024 Intel ta amsa cewa wutar da ta wuce kima tana lalata waɗannan furosesoshi a hankali, ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara 2 a garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Mai sayen irinsu na hannu ya gwada sosai kafin ya biya.

*Hattara:* filash ya zama FAT32, fayil ya zama na ainihin samfurin bod ɗinka, har lambar rev, wato zubin ƙirarsa, da ke rubuce a kusurwarsa. Kada ka fara sai kan UPS ko inbata mai caji. In kuma kwamfutar tana mutuwa ko a cikin BIOS, kar ka sabunta ta hanyar da aka saba, yankewa a tsakiya na iya kashe bod.

12. In saura bod da furosesa

Ɗaga furosesar ka haska ramin da tocila ta gefe. A Intel da AM5 filolin suna cikin bod, a AM4 suna jikin furosesa. Duk suna kwance ne a jere iri ɗaya, wanda ya lanƙwashe za ka ga yana ƙyalli daban da 'yan'uwansa. Kada ka sa yatsa ko ƙyalle a ciki.

In ido bai ga komai ba, musanye ne kaɗai zai raba su, kuma ba a sayen furosesa don gwaji. Kai wa mai gyara a inda ake da kayan gwaji, irin su titin Beirut a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Ku yi cinikin kuɗin gwaji tun farko, ka tsaya a sa furosesarka a wani bod a gabanka, a sa wata a naka. Ɗauki hoton lambobin jikin kayanka kafin su bar hannunka. Tafi da takardar da ka yi ta rubutu a kai da hotunan allo, haka ma in za ka mayar wa mai shago kaya, domin garantin kayan hannu kwanaki kaɗan ne, kuma "tana mutuwa kawai" ba hujja ba ce da zai karɓa.

Bayan an canza abin da ya lalace, bar BIOS a saitinsa na asali ka yi kwana biyu kana aikin da ya saba kashe ta. In ta jure, kunna XMP, ka sake zagaye huɗu na MemTest86 kafin ka mayar da murfin akwati.